Saiwar Gawo

Ranar Talata likita ya ja ni gefe ya ce mu kai Kawu Manu gida. Bai yi dogon bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Ciwon ya riga ya shiga ƙashin bayansa da na ƙugu, abin da ya rage sai maganin rage zafi da addu'a. Na ce to, na gode. Na fita ƙofar asibiti na sayi gasasshiyar masara na cinye ta tas. Na san ya kamata in ji wani abu, amma ban ji komai ba. Satinmu biyar ke nan a Gumel, kuma tun a sati na biyu zuciyata ta koma kamar ƙafar da mutum ya daɗe yana zaune a kanta.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai, shi ya koya min tuƙi. Shekara talatin yana jan a-kori-kurarsa tsakanin garinmu Rijiyar Kyauta da kasuwar Maigatari, kafin ciwon suga ya cinye masa ido ya miƙo min makulli. A cewarsa ba don na iya ba ne, don dai babu wani ne.

Gara in faɗa tun yanzu, da yaudara muka kawo shi asibiti. Ya rantse ba inda zai je, sai ni da 'yarsa Laure muka ce masa Gagarawa za mu, gaisuwar rasuwar wani abokinsa. Abokin kuwa yana nan da ransa, ranar ma an gan shi a gona. Sai da Kawu ya ji warin magani sannan ya gane. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunana ba. Ɗahirun da ya raina da hannunsa ya ɓace daga bakinsa, na koma "direba".

Da Laure ta gaya masa an sallame mu, ko motsi bai yi ba.

"Direba yana nan?"

"Ga ni, Kawu."

"Shekaranjiya na ji likita yana maganar Kano. In can za ku kai ni, ku faɗa min in sani. A ɗakina nake so in mutu. In kuma ba zan samu ba, kada ku bar ni ina ta tsammani."

"Gida za mu, Kawu. Wallahi."

"Wancan karon ma ka ce wallahi."

Gaskiyarsa ce.

Matsalar ita ce hanya. Daga Gumel zuwa Sule Tankarkar kwalta ce, ba laifi. Daga nan sai a sauka yashi, tafiyar kilomita goma sha ɗaya. Damina ta yi nisa, taraktoci sun haƙa ramuka biyu dogaye inda tayoyinsu ke bi, sun bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota ba ta shiga, mai keke napep ko sauraronka ba zai yi ba, amalanken shanu kuwa kafin a yi rabin hanya ya ƙarasa shi. Sai dai motarmu. Ita kuma tana da lalura biyu, kuma duka Kawu ne ya jawo mata.

Shekara da shekaru yana ƙara mata fallen ƙarfe a sifirin ɗin baya, wato ƙarafan da ke tallafe da jikin mota a kan tayoyi, har sai da kowane gefe ya kai falle goma sha biyu, don ta ɗauki buhunan riɗi himili guda ba ta durƙusa ba. In fasinja ya yi ƙorafin jijjiga sai ya ce masa, "Mota ba katifa ba ce, in barci kake ji ka koma gida." Da tsufa ya zo mata, ƙarafan suka miƙe suka kwanta, ta zauna ƙasa, taurin kuwa yana nan yadda yake. Wato cikinta yana gugar tudun tsakiya ta maƙale, bayanta kuma yana tsalle a kan kowace tsakuwa. Ranar da muka kawo shi, duk ramin da na faɗa sai ya yi ƙara, kuma a lokacin ciwon bai kai rabin na yanzu ba.

Shi da kansa bai taɓa tausaya wa motar nan ba. A bakin garinmu akwai wani tsohon gawo da saiwarsa ta gitta hanya, kaurinta ya kai cinyar mutum. Kowane direba a nan yake taka birki. Ban da Kawu. Shi da gudu yake hawa ta, sarƙar ƙofar baya ta buga ƙarfe ta yi ƙara, kwaram, har cikin gari. Da wannan ƙarar matarsa Inna Zubaida take sanin ya dawo, ta ɗora masa ruwan wanka.

Wani mai sayar da kayan mota a Gumel ya nuna min sababbin sifirin da shok mai rage jijjiga a wayarsa, ya ce in na biya za a sako su daga Kano nan da kwana huɗu. Kuɗin ya fi ƙarfina, kwana huɗun ma ban san ko muna da su ba. Don haka da safiyar Laraba na bar Laure a wurin Kawu na kama hanyar Maigatari, wurin Abdulfatah mai sifirin.

Garejinsa yana bayan kara, inda tuni aka fara sauke shanu da raƙuma saboda kasuwar gobe. Yawancin aikinsa na motocin Nijar ne masu ratsa yashi, har bakinsa ya karkata can. Ya zaga motar sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙirga fallayen da yatsa.

"Aikin Malam Manu ne wannan, ko a mafarki na gani na sani. Me kake so a yi mata?"

"Ta tashi sama, ta yi laushi. Kuma ba ni da kuɗi."

"Mutane abu ɗaya suke zuwa nema, Malam Ɗahiru. Kai ka zo da uku. In tashi kake so, in ƙara maka lam biyu yanzu ka tafi, amma haƙoranka za su zube a hanya."

Lam yake ce wa fallen sifirin, irin ta mutanen Damagaram.

"Shi zan ɗauka," na ce. "Gobe. An ce mu kai shi gida."

Ya dube ni, ya daina dariya. Ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙusa.

Ya ɗaga motar a kan kututture, ya kwance sifirin ɗin duka biyu, ya baje fallayen a ƙasa. Gajerun masu kauri, waɗanda Kawu ya yi ta ƙarawa, ya ware su gefe, biyar-biyar. Ya ce su ne taurin. Dogayen sirara su ne laushin, amma sun gaji sun kwanta, sai an mayar musu da lanƙwasarsu. Ya zana baka da alli a kan siminti, ya ɗora falle a kan guntun ƙarfen dogo, ya fara duka da guduma. Ba wuta, ba komai, duka kawai, taki ɗaya bayan taki ɗaya. In ya yi kamar hamsin sai ya ɗora fallen a kan zanen alli ya duba, ya koma.

"Bari in gaya maka tun kafin in yi nisa," ya ce yana share gumi. "Bayan wannan aikin, buhu goma ka ɗora mata za ta durƙusa. Motar kaya ta tashi daga aiki. Kuma dukan nan ba ya daɗewa, wata shida ko shekara za ta koma ta kwanta."

"Kwana ɗaya nake nema."

Da wannan motar nake ciyar da gida biyu, kuma kaka na tafe. Na ji maganarsa sarai, na kuma fahimce ta. Amma kamar labarin motar wani yake ba ni. Na zauna a kan tsohuwar taya ina kallon gudumar tana sauka, har aka kira azahar.

Bayan salla ya shafe kowane falle da giris, ya yanka tsohon tub na taya ya jera a tsakaninsu don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya sauya maratayin sifirin da wani wanda ya ɗan fi tsawo, ya tono shok biyu na hannu daga tarin ƙarafansa ya ɗaura. A gaba kuwa wasu noti biyu kawai ya ɗan ƙara ɗaurewa, hancin motar ya ɗago. Da aka sauke ta ƙasa sai na ga ta yi tsawon da ban taɓa ganin ta da shi ba, tazarar cikinta da ƙasa ta ƙaru da kusan taƙi guda.

"Tashi kam ta tashi," ya ce. "Saura mu ji ta bakin kwano."

Ya ɗauko kwanon shansa, ya cika shi da ruwa har baki, ya ajiye a tsakiyar bayan motar, ya hau ya tsuguna kusa da shi. Ya ce in bi hanyar da ke bayan kara, wadda kofatan shanu suka farfasa. Da muka dawo rabin ruwan ya zube. Ya sa muka cika buhu shida da yashi muka jera su a kan tayoyin baya, ya ce sifirin ba ya aiki sai ya ji nauyi. Muka sake zagawa, ruwan ya ragu da kamar yatsa biyu. Ya rage wa tayoyin iska har suka ɗan yi ciki, ya kuma yi min faɗa a kan ƙafata.

"Kai ma sifirin ne. Kana taka birki a cikin rami, to me ka bar wa ƙarfen? Taka tun kafin ka isa, ka sake ta ta shiga da kanta."

A zagaye na huɗu ruwan rawa kawai ya yi a bakin kwano, ko ɗigo bai zuba ba. Abdulfatah ya ɗaga kwanon ya shanye. Ya ɗaure fallaye goman da ya cire da waya ya ce in bar su a wurinsa, duk ranar da na shirya in zo a mayar. Abin da na miƙa masa ya karɓa bai duba ba.

Ranar Alhamis da hantsi muka shimfiɗa katifa biyu a kan buhunan yashi, muka kafa tampol saboda rana. Mutum huɗu muka ɗauko Kawu a cikin bargo. Bai fi nauyin buhun dusa ba. An yi masa allura kafin mu fito, amma ma'aikaciyar jinya ta ce ba za ta wuce awa biyu tana aiki ba. Laure ta zauna kusa da kansa da gorar ruwa. Gilashin da ke bayan kujerata ya daɗe da fashewa, don haka duk abin da aka faɗa a baya ina ji.

Muka hau kwalta. Muka wuce Sule Tankarkar, na iso inda ake sauka yashi. Gangara ce mai gefe kamar matakala, da can sai motar ta buga ƙasa da ƙarfi. Na taka birki tun daga nesa, na sake ta, ta sauka kamar an ajiye ƙwai. Tudun tsakiya ya wuce ta ƙarƙashinmu bai taɓa komai ba. Gero a dama, gero a hagu, ya fi tampol tsawo. Na wuce karyayyen kwalbati, na wuce wurin da saiwoyin dogon yaro suka yi tsiri-tsiri. Kawu bai yi ko nishi ba. Na ce a raina aiki ya yi kyau, kamar yadda mutum zai ce an yi ruwa jiya.

Mun yi kamar kilomita shida sai na ji muryarsa.

"Laure, har yanzu ba mu sauka kwalta ba?"

"Mun daɗe da sauka, Baba. Mun ma wuce kwalbati."

"Ƙarya kike."

"Wallahi, Baba."

"Shekara talatin ina bin hanyar nan. Gangarar Sule Tankarkar a nan nake jin ta," na san ƙugunsa yake nunawa. "Kwalbati yana jefa mutum hagu. Dogon yaro sau bakwai yake bugawa. Tun da muka taso nake jira, ban ji ko ɗaya ba. Kukan injin na motata ne, amma hanyar ba tawa ba ce."

"Yaya Ɗahiru ne ya kai ta aka gyara, don kada ka ji ciwo."

"Aka gyara hanyar?"

"Motar, Baba."

"Motar nan ba ta gyaruwa, ni na haɗa ta. Kwalta ce wannan. A hankali yake tafiya don kada in gane. Kano za ku kai ni."

Na tsaya. Na sauko na karyo ganyen gero na sa masa a hannu, na ɗebo yashi na zuba masa a ɗaya tafin. Ya murza, ya watsar.

"Gero har ƙofar Kano akwai shi. Yashi kuwa a kansa nake kwance, tun ɗazu nake jin ƙanshinsa a buhu. Kun yi shiri sosai wannan karon."

"Kawu, saura kilomita biyar mu shiga gari."

"Direba," ya ce, a hankali, ba faɗa. "Sau biyu ke nan. Ja motarka."

Ya juya fuskarsa wajen ƙarfen motar. Laure ta kai masa gora baki, ya datse leɓe. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ƙudaje biyu suna yawo a kan hularsa. Na kwana biyu ina neman yadda ƙashinsa ba zai ji hanya ba, ban taɓa tuna cewa da ƙashin nan kaɗai yake gani ba. Mutumin da ba shi da ido, na bi na toshe masa abin da ya rage.

Na koma na tayar da mota. Ba mu yi nisa ba Laure ta leƙo ta tagar baya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya, numfashinsa ya canza. Yana ja yana tsayawa."

"Yana magana?"

"Salati yake yi. Ya ce in gaya wa Inna ba da son ransa ya tafi Kano ba."

Lissafin da nake yi a sarari yake, kamar na man fetur. In ya kai gida, hannun Inna Zubaida da ƙanshin ɗakinsa za su gaya masa gaskiya. In kuma bai kai ba, zai tafi yana ganin a hanyar Kano muka kashe shi, ni da 'yarsa. Ban san wanne zai riga ba. Na ɗan ƙara wuta, motar ta ci gaba da lilo a kan yashi, lallausan lilon da na biya aka yi mata.

Sai ga kan gawon ya bayyana a saman gero. Tun jiya na shirya yadda zan yi da saiwar nan: zan kauce ta gefen gonar liman in zagaye ta, in ya so in ba shi haƙurin kunya biyu da zan taka. Ga wurin kaucewar yana matsowa. Daga nan zuwa ƙofar gida akwai sauran tafiyar minti biyar ta cikin lunguna, kuma awa biyun allurar ta riga ta cika.

"Laure," na ce, "riƙe masa kai da kafaɗa. Riƙe sosai."

"Me za ka yi?"

Na wuce wurin kaucewar. Na sa giya ta uku na taka mai, don da laushin da motar ta yi, in ba da gudu ba ba zai ji komai ba. Laure ta gane, ta fara kiran sunana tana cewa kada ka yi, Yaya, don Allah kada ka yi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Gaba ya hau, baya ya bi. Motar ta tashi ta dawo, buhunan yashi suka yi tsalle, sarƙar ƙofar baya ta buga ƙarfe, kwaram, tsuntsaye suka watse daga kan gawon. Kawu ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba, doguwa, har sai da numfashinsa ya ƙare. Na taka birki. Sai shiru, in ban da kukan Laure da injin da ke bugawa.

Ban waiwaya ba. Na zauna ina kallon katangar masallacin gari a gabana, ina jiran Laure ta yi salati. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba.

"Gawo," na ji an ce.

Muryar ta yi siririya, sai da na kasa kunne.

"Gawo ne, Laure. Gawonmu ne." Ya yi tari, ya ja numfashi. "Ba ni ruwan nan."

Na ji ƙarar murfin gora, na ji yana haɗiya, sau uku. Sannan ya ce, "Ɗahiru."

"Na'am, Kawu."

"Da tayar hagu ka fara hawa. Ta dama ake sawa, sau nawa zan gaya maka?"

Abin da ya yi sati biyar a daskare a ƙirjina ya sake gaba ɗaya, tausayinsa da kunyarsa da tsoron rashinsa, har na kasa ganin hanya. Na kifa goshina a kan sitiyari ina kuka kamar ranar da aka kawo ni gidansa.

"Ja mu mu je," ya ce. "Ta ji sarƙa, kada ruwan ya huce."

Na share fuska da hannun riga na sa giya ta ɗaya. Da muka karyo kwanar lungunmu, Inna Zubaida tana tsaye a ƙofar gida, mayafinta a karkace, hayaƙi yana tashi daga tsakar gida a bayanta.